Gyaran haƙora: a zama ɗaya ko kaɗan-kaɗan?

Wanda haƙoransa da yawa suka lalace yana da hanya biyu: a yi masa allurar barci a gama komai a zama ɗaya, ko ya riƙa zuwa ana kashe dasashi da allura, ana gyara ɗaya ko biyu.

Hanyar barci tana da daɗin ji. Cirewa da ciko duk a tashi ɗaya, mutum ya farka an gama. Ga ƙaramin yaro da ba ya zama wuri ɗaya, ko wanda ƙarar injin haƙori ke sa shi makyarkyata, ita ce mafita. Sai dai tana da sharuɗɗa. Ba cin abinci awa 6 kafin aikin, ba tuƙi awa 24 bayansa, kuma dole likitan barci ya tsaya yana lura da numfashi da bugun zuciya. Tashin zuciya da ciwon maƙogwaro bayan farkawa ba baƙon abu ba ne. Mai ciwon zuciya ko huhu kuwa sai an gwada shi tukuna.

Allurar dasashi ba ta da wannan hidima. Mutum na farke, likita zai ce "cije" ya ga ko cikon ya yi tudu. Aibinta jeka-ka-dawo, kuma da yawa da zarar ciwo ya lafa sai su daina zuwa.

A ganina babba mai lafiya da zai iya jure kujerar, allurar dasashi ta ishe shi. Dashen haƙori ma, ko an yi barcin, galibi ba ya ƙarewa a zama ɗaya, sai an jira watanni ƙashi ya kama ƙarfen da aka kafa a muƙamuƙi.