VITA: inda aka nuna min ramin da albashina yake zurarewa

Shekara shida na yi a Houston, a jihar Texas ta Amurka, ban taɓa cike takardar harajin jiha ba. Texas ba ta taɓa albashin mutum, na gwamnatin tarayya kaɗai nake biya, wani mai shago kuma yana cike min a kan dala 250 ba tare da ya taɓa yi min bayanin layi ɗaya ba. Da muka koma Maryland a watan Yuni, na samu aiki a Washington, babban birnin ƙasar da ke maƙwabtaka da jihar, sai da na karanta takardar albashina ta farko sau biyu. Kuɗi ya ragu, ban san wa ya ci ba.

Da lokacin haraji ya zo, wata abokiyar aikin matata ta ce mu gwada VITA. Shiri ne na IRS, hukumar harajin gwamnatin tarayya, 'yan sa-kai ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi takardun haraji kyauta, kuma sai sun ci jarabawar hukumar kafin a ba su kujera. Namu a ɗakin karatu na unguwa ake yi. Zuwan farko na koma gida hannu rabbana, laifina ne: na bar katin Social Security na yara, mai ɗauke da lambar shaidarsu ta gwamnati, a gida, su kuma ba sa fara aiki sai sun gani.

A zuwa na biyu wata dattijuwa ce ta karɓe ni, tabarau a kan hanci, fensir a bayan kunne. Ta duba W-2 ɗina, takardar da kamfani ke bayarwa ta albashin shekara da harajin da aka cire, ta ɗora yatsa a kan akwati na 15 ta ce, "A ina kake kwana?" Na ce Montgomery County, a Maryland. Ashe kamfaninmu harajin Washington yake cire min, alhali wanda ke zaune a Maryland yana aiki a can, Maryland kaɗai yake biya. Ta nuna min fom D-40B na karɓo abin da aka cire bisa kuskure, da D-4A da zan miƙa a ofis don kada a sake.

Sannan ta juya bayan wata takarda ta ja layi uku. Wannan zanen ya fi min komai amfani. Albashi: Texas sifili, Maryland kashi 4.75 cikin ɗari a kan mafi yawan abin da irina ke samu, ga kuma na ƙaramar hukuma a kai, kashi 3.2 a wajenmu. Sayayya: a Houston kashi 8.25, a nan kashi 6. Da ta zo layin gida na ce ai ni ɗan haya ne, babu ruwana. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce mai gidan da na zauna a Houston ba daga aljihunsa yake biyan harajin gida ba, kuma na Texas yana cikin masu tsada a ƙasar, da shi ake riƙe makarantu. Wato shekara shida ina biya a cikin kuɗin haya, ina kuma yi wa abokaina na New York dariya wai ni ba na biyan haraji.

Fom 502 na Maryland ta cike min a matsayin wanda ya zauna rabin shekara, don haka albashin da na samu a Texas kafin Yuni bai shiga lissafin jihar ba. Wani ɗan sa-kai na biyu ya bi komai layi-layi kafin a aika. Ko sisi ba a karɓa ba.

Shirin yana da iyaka. Akwai ƙa'idar yawan kuɗin shiga, kuma tana canzawa duk shekara. Mai gidajen haya ko kasuwanci mai sarƙaƙiya, akanta zai nema. Harajin gida ma ba su ke lura da shi ba, wannan tsakaninka ne da ƙaramar hukuma, duk da dattijuwar ta ja min kunne cewa ranar da na sayi gida in nemi rangwamen Homestead da ake yi wa mai zaune a gidan kansa, don ba ya zuwa da kansa.

Kujeru suna cika tun kafin 15 ga Afrilu ta matso. Bana tun farkon Fabrairu na kama layi, katunan yara kuma suna cikin ambulan ɗaya da W-2.