Hudl Sportscode a hannun kocin da ke son gyara halin 'yan wasansa

Kociyoyin ƙwallon kwando da yawa na jami'o'in Amurka suna sayen Sportscode, manhajar yanka da nazarin bidiyon wasa, don nazarin dabarun abokan hamayya. Amma manhajar tana da wani amfani da ba a cika tallata shi ba, wato tara hujja kan ɗan wasa mai rashin ɗa'a kafin a hukunta shi. A wannan fanni tana aiki sosai, muddin an shirya ta da kyau.

Kamfanin Hudl na garin Lincoln a jihar Nebraska ne ya mallake ta tun 2015, kuma a kwamfutar Mac kaɗai take aiki. Kana da bidiyon wasa a gefe guda, da allon maɓallai da kai ne za ka tsara a ɗaya gefen. Duk maɓallin da ka danna, sai ta yanko maka wannan guntun. Don harkar ɗa'a maɓallai biyar sun isa: gardama da alƙalin wasa, tsokanar abokin hamayya, keta kamar taɗiya ko gwiwar hannu, ƙin komawa tsaro bayan an yi fushi, da halin zaman benci. Kowane guntu sai a liƙa masa sunan ɗan wasa.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne tsawon guntun. Manhajar tana ba ka damar sa daƙiƙu kafin dannawa da bayanta. Idan ka bar su gajeru, abin da za ka gani kawai shi ne yaronka ya ture mutum, ba za ka ga an ja masa riga sau biyu kafin nan ba. A sa aƙalla daƙiƙa 15 kafin, 10 bayan. Koci da ya hukunta mai ramuwa ya ƙyale mai tsokana ya rasa amanar sauran 'yan wasan, kuma su sun ga komai da idonsu.

Babban ƙarfinta shi ne nuna maimaici. Da danna suna ɗaya za ka jero duk abin da ɗan wasa ya yi a kakar, a nuna masa a ofis shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Batun Grayson Allen na jami'ar Duke misali ne: sau uku ya taɗiye abokan hamayya a 2016, kuma sai a na ukun, a wasansu da jami'ar Elon a watan Disamba, kocinsu Mike Krzyzewski ya dakatar da shi ya kuma karɓe masa muƙamin kyaftin. Dakatarwar ta ƙare bayan wasa ɗaya, abin da ya jawo surutu. Irin wannan halin ya fi sauƙin magani tun a karon farko, da zaman benci na rabin wasa ko cire mutum daga biyar ɗin da ke fara wasa.

Haka kuma bidiyon yana taimaka wa koci ya nuna asarar a fili. A dokar maza ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, laifin tekinikal na rashin ɗa'a yana ba abokan hamayya jifa biyu kyauta, yana shiga cikin laifuffuka biyar da ke fitar da ɗan wasa, kuma guda biyu kora ce. Wanda ya yi faɗa ba zai buga wasa na gaba ba, in ya sake a kakar, shi ke nan sai baɗi.

Matsalolinta ba ƙanana ba ne. Kyamarar wasa ƙwallo take bi, alhali rashin ɗa'a sau da yawa bayan busa yake faruwa, ko a benci, ko a layin gaisawa. Dole a kafa kyamara ta biyu mai kallon benci, a daidaita lokacinta da ta farko, kada kuma a kashe ta sai fili ya watse. Rikicin wasan jami'o'in Cincinnati da Xavier na 2011 da na Kansas da Kansas State na 2020 duk a daƙiƙun ƙarshe suka ɓarke, lokacin da mai ɗauka yakan fara naɗe waya. Sauti kuma kusan babu: zagin da aka yi a kunne ba ya fitowa cikin ihun 'yan kallo, don haka sai an tambayi yaron da mataimakan koci.

A kuma tuna kallon bidiyo na dole yana cikin sa'o'i 20 na mako da NCAA ta ƙayyade wa 'yan wasa don harkokin wasa, kuma tun 2019 shawararta ita ce kada a mayar da motsa jiki hukunci, don haka gudun asuba ba mafita ba ne.

Kuɗinta na shekara-shekara yana da nauyi, koyonta kuma yana cin lokaci. Makarantar da ke da ita don dabaru ta ƙara waɗannan maɓallai biyar yau. Ƙaramar kwaleji da ba ta da ma'aikacin bidiyo kuwa, manhajar Hudl ta yau da kullum da kyamara ɗaya a kan benci sun wadatar da ita.