Ciwon bawul ɗin zuciya: Staph da Strep ba tafiyarsu ɗaya ba

Ƙanwata, kin tambaya me ya sa wani mai ciwon bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, yake kwanciya rai a hannun Allah cikin 'yan kwanaki, wani kuwa ya yi watanni yana yawo da ciwon. Galibi amsar tana ga ƙwayar cutar da ta kama bawul ɗin.

Staphylococcus aureus a fata take zama. Hanyarta ta shiga jini ita ce maruru, ko bututun da aka sa a jijiya don ƙarin ruwa ko wankin ƙoda, ko allurar masu shaye-shaye. Ba ta jira bawul ya lalace, lafiyayye ma kama shi take yi. Zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, mutum ya fita hayyacinsa, kafin mako ya zagayo bawul ya fara yoyo, numfashi ya gagara. Gutsattsarin abin da ya taru a kan bawul kan ɓalle ya bi jini: in ya je ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki, a masu allurar ƙwaya kuwa ɓangaren dama na zuciya ta fi kamawa, sai gutsuren ya faɗa huhu, ga tari ga ciwon ƙirji. Duba tafin hannu da na ƙafa, za ki iya ganin jajayen tabo marasa zafi. Ita ta fi kisa, kuma sau da yawa sai an haɗa da tiyata.

Streptococcus na rukunin viridans kuwa daga baki suke, daga ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini. Su bawul mai tabo suke nema, irin wanda ciwon makogwaro na yarinta ya lalata, kuma irin wannan zuciyar ba ta yi mana kaɗan ba a arewa. Tafiyarsu ta hawainiya ce: ɗan zazzaɓi da yamma, gumin dare, kasala, rama, ƙarancin jini, saifa ta kumbura. Wani lokaci ƙananan ƙuraje masu zafi a kan yatsu, ko layin jini siriri a ƙarƙashin farce kamar sartse ya shiga.

A ganina wannan na biyun shi ya fi cin mu. Maganinsa ya fi sauƙi, tunda yawanci penisilin ko ceftriaxone na kashe shi, amma kama yake yi da maleriya da taifod da tarin fuka. Mara lafiya ya zagaye kemis, ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta rabi-rabi, zazzaɓi ya lafa ya dawo. Ranar da ya iso asibiti aka ɗibi jini don a shuka a ɗakin gwaji a gano ƙwayar cutar, ba abin da zai tsiro. Shi ya sa ake ɗibar jini har sau 3 kafin a fara magani, sannan a yi hoton zuciya.

Akwai wasu biyu. Enterococcus ta fi kama dattawa masu matsalar mafitsara ko bututun fitsari, tana da taurin kai, shi ya sa ake haɗa mata magani biyu. In kuma gwaji ya nuna Streptococcus gallolyticus, to a leƙa babban hanji, don tana yawan zuwa tare da kansar hanji.

Kowacce ce dai, galibi allura ce ta jijiya ta mako 4 zuwa 6. Wanda aka san yana da ciwon bawul, ko aka sa masa na roba ko na ƙarfe, in zazzaɓinsa ya ƙi jin magani, a kai shi wurin likitan zuciya kafin a sake ba shi wani kafso.