Mai POS ɗin da muke zuwa wurinsa a Tarauni

A layinmu masu POS sun yi yawa, kusan kowace laima da na'urarta. Na'urorin ma duk iri ɗaya ne, Moniepoint ko OPay, caji kuma bai wani bambanta ba. Amma mu mutanen gidanmu wurin mutum ɗaya muke zuwa, wani matashi mai ɗan shagon kwano kusa da masallaci.

Sunansa ya fito ne lokacin canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoban 2022 cewa zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wanda ya ga wannan lokaci ba zai manta ba. Mutane suna kwana a layin ATM, wasu masu POS kuma suka mayar da naira haja, sai ka sayi kuɗinka da kuɗinka. Shi kuwa in ya samo tsaba, sai ya raba kaɗan-kaɗan a kan cajinsa na kullum, ya fara da tsofaffi da masu majinyaci. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, duk unguwa ta san shi.

Labarin nan ne ya kai ni shagonsa. Abin da ya riƙe ni kuma shi ne ranar da banki ya cire mini kuɗi, na'urarsa ta nuna bai shiga ba. Kuɗin maganin Hajiyarmu ne, hankalina a tashe. Bai ce mini "je ki bankinki" ya kau da kai ba. Ya buɗe littafinsa mai baƙin bango, ya rubuta lokaci da adadi, ya manna rasit ɗin da ya gaza, ya miƙo mini rabin kuɗin daga aljihunsa, ya ce: "Yaya, ki je ki sayo maganin, in sun dawo miki da shi kya kawo." Da kuɗin suka dawo, da ƙafata na kai masa.

Shagon yana da nasa naƙasu, kuma na faɗa masa. Babu benci, babu inuwar kirki, tsoho sai ya tsaya a rana. Ranar Juma'a da ƙarshen wata tsabar kuɗi takan ƙare masa tun kafin la'asar. Yaron da yake barin wa shagon ma bai kai shi sakin fuska ba, ya kamata ya ja masa kunne, don wanda ya zo karon farko da yaron zai auna shagon.

In za ku cire kuɗi mai yawa, ku je da hantsi, lokacin da shi kansa yake zaune. Ku karɓi rasit ko da bai shiga ba.