Kuɗin rashin aiki a Saudiyya, na masu ƙasa ne

Ƙanena, ka tambaye ni ko da gaske gwamnatin Saudiyya na biyan wanda ba shi da aiki. Da gaske ne, amma tsaya ka ji wa ake ba.

A 2011 suka ɓullo da shirin Hafiz. Lokacin da aka fara shi, matashi mai neman aiki daga ɗan shekara 20 zuwa 35 ana zuba masa riyal 2,000 a asusu duk wata, har shekara guda. Amma fa ba miƙe ƙafa zai yi ba. Sai ya riƙa shiga shafinsu yana nuna neman yake, ya yi horon da aka ɗora masa, in ya yi sakaci a zaftare kuɗin. Wanda kuma aka sallama ba da laifinsa ba, tun 2014 akwai Saned, kamar adashe, ana cirar kaɗan daga albashinsa, kamfani ma ya sa nasa. Ranar da aiki ya kufce, ya karɓi kashi 60 na albashin a wata ukun farko, daga nan kashi 50.

Namu N-Power na 2016, naira 30,000 ne a wata, wa'adi na cika da yawa suka koma majalisar mai shayi. A ganina ba yawan kuɗin ne ya raba mu da su ba. Nan Saudiyya gwamnati kamfanoni take matsa wa lamba. A tsarin Nitaƙat, kamfanin da bai ɗauki isassun 'yan ƙasa ba sai a jefa shi a rukunin ja, ba bizar kawo sabon ma'aikaci, ba sabunta takardar aikin na hannu. In ya ɗauka kuwa, asusun gwamnati na Hadaf kan taya shi biyan wani ɓangare na albashin.

To gurbin wa ake ba su? Namu ne baƙi. A 2016 aka ce sayar da waya da gyaranta sai ɗan ƙasa. Ka shiga shagon waya a Jidda yau, saurayi Balarabe za ka tarar a bayan kanta cikin farar jallabiya, inda da baƙi ne maƙil. Hausawan da kakanninsu suka samu shaidar zama 'yan ƙasa, waɗanda ake ce wa Hausawi, su kam da su ake damawa. Mu masu igama, wato takardar zaman baƙi, kafilin da kake aiki a ƙarƙashinsa na sallamarka ba Hafiz ba Saned, ko ka samu wani ya karɓe ka, ko ka haɗa jakarka.

Saboda haka batun sayar da gonar Baba a saya maka biza, ka dakata tukuna sai mun yi waya. Ka gaida min Inna.