Ofishin ejan ɗin da ya kama mini gida a Kubwa

Abokan aiki da ke neman haya a Kubwa sukan tambaye ni ko ofishin da ya samo mini gida abin yarda ne. Abin yarda ne, amma akwai inda suka ci ni.

Wajen sabunta haya sai dai in ce sambarka. Shekarata na dab da cika, Alhaji mai gidan ya turo yaronsa cewa ko in ƙara kuɗi ko in kwashe kayana ƙarshen wata. Manajan ofishin, wani dattijo mai sanyin magana, shi ya je ya same shi. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba a tashin mutum haka." A Abuja, mai biyan haya shekara-shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma na wata 1, sai dai in yarjejeniya ta yanke wani wa'adi daban, tamu kuwa ba ta yanke ba. Bayan wannan akwai wani notis na kwana 7, sannan a tafi kotu. Sauya kwaɗo, cire rufin kwano ko yanke wuta, duk doka ba ta ba mai gida wannan dama ba. Ƙarin dai an yi, amma mai sauƙi, kuma aka rubuta sabuwar takarda da rasit.

Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kano shekara ba ta ƙare ba, nan na ga ɗaya fuskar tasu. Takardar da lauyansu ya rubuta, wadda na biya kashi 10 a kanta bayan kashi 10 na ejan, ta ce ba a mayar da kuɗin haya, kuma ba ni da ikon saka wani a gidan sai da izinin mai gida a rubuce. Wannan kam haƙƙin Alhaji ne, ban ja ba. Sun shawo kansa, suka samo sabon ɗan haya, aka dawo mini da kuɗin watannin da suka rage. To amma sun yanki la'ada a kuɗina, sun kuma karɓi cikakkiyar la'ada a hannun wanda ya shigo. Gida ɗaya, ci biyu. Ko kusa ba a faɗa mini haka tun farko ba.

Kuɗin ajiya na gyaran ɓarna kuwa sai da na yi ta bibiya, yau gobe, gobe jibi. Sun so su lissafa mini tsagewar bangon kicin, sai na nuna musu hotunan da na ɗauka ranar da na tare. Fenti kaɗai suka cire, shi kuma gaskiyarsu ce, yarana sun yi wa falon zane.

Ma'aikacin da ake iya ɗagawa kowane lokaci, ya nemi su rubuta nawa za su yanka in ya tashi kafin wa'adi, tun bai sa hannu ba.