Mutanen Tawa, kada ku karanta wa kowa lamba shida da ta shigo wayarku

Jama'a, a yi hattara da wannan kira. Mutum zai bugo ya gaishe ka da sunanka, ya ce shi ɗan Adar ne mazaunin Abijan, ana buɗe gurup na ƴan gari don gyaran masallaci. Sai ya ce saƙo zai shigo maka da lamba shida, ka karanto masa ya saka ka. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa, ya ɗauke shi ya mayar wayarsa.

Daga nan shi ne kai. Hotonka, sunanka, har gurup na dangi duk suna hannunsa, sai ya shiga roƙon su kuɗi da sunanka. Kuma masu wannan damfara sun san garinmu: da wuya gidan da ba shi da ɗa a wajen bida, Libiya ko Kodebuwa, kuma uwa ba ta jin ɗanta na cikin wahala ta tsaya bincike. Na ga wata dattijuwa a wurin aika kuɗi tana kwance jikka hamsin daga bakin zane, hannunta na rawa, wai an kama ɗanta a hanyar Sabha ta Libiya. Yaron da ke gishe ne ya ce, "Inna, bari mu kira shi tukuna." Ɗan yana wurin aikinsa lafiya lau.

In abin ya riga ya same ka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Sake shigar da lambarka a WhatsApp nan take. Sabuwar lamba shida za ta zo, ita za ta kore shi. In ya riga ya sa tabbaci mai mataki biyu, wato ya ƙara wata lambar sirri tasa da WhatsApp zai tambaye ka, sai ka jira kwana 7, don haka ka kira dangi ɗaya bayan ɗaya da baki, a kuma sanar a masallacin unguwa. Canza lambar sirri ta Airtel Money, Moov Money ko asusun banki, kada ka sa shekarar haihuwarka. In ka taɓa tura hoton katin ɗan ƙasa a cikin hira, ka faɗa a komisariya, domin da shi ake yanko layi da sunan mutum. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, amma ƴan sanda da shaida suke aiki: ajiye lambar da ta kira, saƙonnin, da rasit ɗin duk wanda ya aika kuɗi.